Gurbin Malam Labaran

Panshekara, Kano
Farkon watan Rajab

Zuwa ga Malama Aina'u Labaran,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalinku.

Ba ku san ni ba. Sunana Badi'a Sagir. Ni nake shugabantar wata ƙungiyar mata a nan Panshekara, muna dafa abinci muna ciyar da tsofaffin ma'aikatan kamfanonin Challawa da ƙarfinsu ya ƙare ba su da kowa, da kuma 'ya'yan waɗanda aka sallama daga aiki. Yaran suna zuwa su sha kunu da safe su wuce makaranta. Tsofaffin kuwa a wurin suke kwana, a ɗakin cin abincin wani kamfanin saƙa da ya daɗe da rufewa. Mahaifinku Malam Labaran yana cikinsu.

Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kamfanin jima, hannunsa cikin ruwan kemikal, hancinsa cikin warinsa. Yanzu ƙirji ya kama shi. Mun kai shi asibiti, likita ya ce huhun ya lalace, sai dai a yi ta lallaɓawa. Tuwo ba ya wuce masa, kunun ma wani lokacin sai an ba shi a baki.

Muntari direba, mai ɗauko fatu daga wajenku zuwa Challawa, shi ya gane shi ranar da ya kawo mana itace. Ya ce ya san garinku, ya san ku, kuma waya ba ta kamawa a can. Shi ya sa na rubuto ta hannunsa.

Ga abin da ya kawo ni. Mai ginin ya sayar da shi, wanda ya saya zai mayar da shi sito, ya ce mu tashi bayan ƙaramar salla. Muna ta cigiyar dangin kowa. Malam Labaran bai ce in rubuto muku ba. Da na tambaye shi ko yana da 'ya'ya, sai ya faɗi sunanku.

Ina roƙonku don Allah ku duba, ko akwai yadda za a yi ya dawo gida.

Allah Ya saka da alheri. Wassalam.
Badi'a Sagir

Garin Tsamiya, ƙasar Magariya
Cikin watan Sha'aban

Hajiya Badi'a,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku, ina gaishe da matan da kuke aikin tare. Allah Ya ba ku lada.

Takardarku ta iso. Malamin lakol, wato makarantar bokon garinmu, shi ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana.

Mutumin da kuke cewa mahaifina, ban yi famfara ba ya tafi Kano. Da farko yakan zo da salla, ya kawo sabulu da atamfa. Daga baya sai saƙo, daga baya saƙon ma ya ɗauke. Innata Hansatu ta ƙi yin wani aure, tana cewa yana nan tafe. Har ta kwanta ciwon ajali tana sa ni in leƙa hanya idan ta ji ƙarar mota. Kawuna ne ya binne ta, shi ne ya aurar da ni. Mun zaci shi ma ya daɗe da mutuwa, har sadaka mun yi masa.

Yanzu kun ce ya dawo gida. Wane gidan? Mijina Musbahu ya tafi haƙar zinariya can arewa, damina biyu ke nan babu shi babu labarinsa. Geron bana tsutsa ta cinye. Ni da yara uku sau ɗaya muke ɗora tukunya, wani lokacin ganyen tafasa ne da ɗan ƙuli. Idan ya zo, cikin wa zan rage in ba shi?

Ni ma ina da roƙo. Babbar 'yata Shifa'u tana da kai, malamin nan da yake rubutu shi ne shaida. Na cire ta daga lakol saboda ba ta iya zama a aji da yunwa. Ku karɓe ta, ta shiga cikin yaranku masu shan kunu su tafi makaranta. Tana wanke-wanke, tana daka, ba ta da ƙiwa. Idan kuna da kunun da za ku ba wanda ya tafi ya bar iyalinsa, ba za ku rasa na yarinyar da ba ta yi wa kowa laifi ba.

Ku yi haƙuri idan na faɗi abin da bai yi muku daɗi ba. Allah Ya bar zumunci.

Aina'u

Panshekara
Goman ƙarshe na azumi

'Yar'uwata Aina'u,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya yara? Ki bar ni in ce miki 'yar'uwa, don bayan takardarki na kasa kallonki a matsayin baƙuwa. Ni kuma ba Hajiya ba ce, ko filin jirgi ban taɓa shiga ba.

Na so in karanta wa mahaifinki gaisuwar kawai in ninke takardar. Sai ya ce, "Ƙarasa. 'Yar Hansatu ba za ta tsaya a nan ba." Na karanta masa duka. Bai kare kansa ba, bai yi kuka ba. Ya dai sa na maimaita masa sunan jikarsa, ya yi ta juya shi a baki har tari ya sarƙe shi.

Maganar Shifa'u, wallahi da da hali da ban tsaya rubutu ba, da na ce Muntari ya taho da ita. Amma bari in gaya miki yadda muke. Alhajin da yake ba mu tsakin shinkafa daga injinsa na Sharada ya kashe injin, ya ce tsadar man dizal ta fi ƙarfinsa. Kamfanin biskit na Bompai da yake ba mu ɓurɓushi don yara, yanzu masu kiwon kaji yake sayar wa. Matan ƙungiyar suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba, mazajensu aka sallama. Wadda a da take kawo mana manja, shekaranjiya 'ya'yanta na gani a layin kunu.

Kunun ma ya zama na jefi-jefi. Ranar da babu, ni nake tsayawa a ƙofa in ce wa yaran su koma. Wasu ba sa komawa, sai su zauna a gindin katanga da kofunansu har rana ta take.

A makon jiya Baba Uba ya rasu, wani makaho da ya yi gadi a Bompai, tabarmarsa tana kusa da ta mahaifinki. Babu wanda ya zo ya ce nasa ne. Masu facin taya na bakin titi ne suka ɗauki gawar. Tun ranar Malam Labaran ya tsaya kai da fata sai an saka shi a motar Muntari. Na ce masa ba ki amince ba. Ya ce, "Idan ba ta buɗe mini ƙofa ba, a ajiye ni a masallacin garin. Ba na son masu faci su binne ni."

Ban hana shi ba, Aina'u. Gaskiyar magana, ba ni da inda zan kai shi bayan salla. Motar da ta kawo miki wannan takardar ita ta kawo shi. Maganin tarinsa yana cikin baƙar leda, a ba shi bayan ya ci wani abu.

Ki yafe mini. Allah Ya karɓi ibadarmu.
Badi'a

Garin Tsamiya
Bayan salla

Yaya Badi'a,

Salamu alaikum. Barka da salla, ina gaishe da maigidanku da yara.

Ya iso. Muntari ne ya sauko da shi a kafaɗa kamar buhun ƙaiƙayi. Na yi niyyar in faɗa masa maganganu da yawa, na daɗe ina tara su. Da na gan shi sai na rasa wanda zan faɗa wa. Na shimfiɗa masa a ɗakin Inna. Hanya ta jijjiga shi, hankalinsa yana zuwa yana tafiya. Wani lokacin Hansatu yake kirana, yana tambaya ko na ga sabulun da ya kawo. Ina ce masa na gani.

Maganin kun ce sai ya ci wani abu. To abin da yake ci rabon yaran ne.

Na ji duk abin da kuka rubuta, malam ya karanta mini har sau biyu. Na yarda ba ku da shi. Amma ku a birni kuke, ko ƙanzo maƙwabta za su miƙo. Nan maƙwabtan ma ganye suke ci. Tukunyata ba za ta ɗauki baki biyar ba. Kun aiko mini da ɗaya, na karɓa. Gurbinsa yana nan a wurinku.

Shifa'u tana gaban mota tare da Muntari, takardar nan tana hannunta. Ba izini nake nema ba, don na san abin da za ku ce. Tana tsoron duhu, kuma ba ta faɗa idan tana jin yunwa, sai an lura.

Na ba ku amana, Allah ne shaida.
Aina'u

Panshekara
Ƙarshen Shawwal

Aina'u,

Wa alaikumus salam. Shifa'u ta sauka lafiya.

Ta same mu muna fitar da tukwane, a gabanta aka sa wa ƙofar kwaɗo. Ƙungiya ta watse. Tsofaffin da suka rage, limamin unguwa ya bar su a barandar masallaci kafin a ga abin da Allah zai yi.

Yarinyar tana ɗakina tare da 'ya'yana. Maigidana ma an sallame su daga kamfanin roba tun cikin azumi, ban gaya miki ba ne. Da ya gan ta, sai ya sa takalminsa ya fita. Ba zan mayar miki da ita ba, amma ba zan yi miki alkawarin makaranta ba.

Kullum da safe sai ta wanke kofinta ta tambaye ni inda ake layin kunun. Har yau ban iya gaya mata ba.

Idan Malam Labaran yana gane mutane, ki ce ina gaishe shi.

Wassalam.
Badi'a