Ruwan da Na Ɗebo wa Suwaiba

Inna,

Ina gaishe ki. Ina Baba da su Saminu? Allah ya sa Dakoro lafiya.

Ni ƙalau nake a Yamai. Kawu Zakiru yana nan yana koyar da tuƙin ƙaramin jirgin sama, da kansa yake nemo ɗalibansa. A cikinsu akwai wata Suwaiba, kaɗan ta girme ni. Jiya ta tuƙa jirgi ita kaɗai. Al'adarsu, wanda ya yi haka ruwa ake kwara masa don murna. Ni na ɗebo ruwan. Kawu ya ce mata "ɗiyata" gaban kowa. Ban ji komai ba, abincin dai ne na kasa ci.

Inna, in kun yi waya, ki tambayi Kawu ko ya taɓa hawa jirgin da ni ko sau ɗaya. Kada ki ce ni na ce.

Ɗiyarki,
Haula