Kofin Yaya Ghali

Panyu, Guangzhou, ƙasar Sin

Assalamu alaikum Anti Mas'uda,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, kina shan maganinki a kan kari. Yaya Abba ƙarami? An ce yanzu gudu yake, ba a iya kama shi. Ki gaishe min da mamanki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda. Tun rasuwar Yaya Ghali Abba ya hana a kira ki a waya, amma bai ce kada a rubuta ba. Hajiya Fasuma mai zuwa sarin jakunkuna ta yarda ta kawo miki. Ai ke kika koya min karatun littattafan soyayya, kuma a cikinsu duk maganar da ta fi ƙarfin baki takarda ake ba wa.

Gida yana nan jiya-i-yau. Idan baƙo ya yi ta'aziyya, Abba ya ce taifot ne. Idan baƙon ya fita, ya ce ke kika kawo wa ɗansa ƙanjamau, kuma ba ya son zancen yaron da aka sa wa sunansa, duk da an gwada shi lafiyarsa ƙalau. Kofin da Umma ta ɗiga wa jan farce lokacin da Yaya yake jinya a nan, don kada wani ya sha da shi, har yau yana saman kabad shi kaɗai. Ni nake goge shi.

To ga labari. Ƙungiyar Hausawan nan za ta yi walima bayan Babbar Sallah, kuma wani ɗan Maraɗi mai karatun likita, Moussa, ya shirya wasan kwaikwayo a kan cutar. Wallahi bai san komai game da mu ba. Labarin wai wani matashi ne ya rasu, ubansa ya kori matarsa. A gaban manyan 'yan kasuwa Moussa ya roƙi Abba ya fito a uban, don kowa ya san ya yi dirama a makaranta, kuma muryarsa ba ta neman lasifika. Kin san Abba da tsoron a ce me ya sa ya ƙi. Ya ce to.

Da aka zo kan matar, babu maigidan da ya yarda tasa ta hau dandamali. Sai aka waiwayo ni. Ni da ko gaishe da mai kanti sai na haɗiyi yawu sau biyu! Na ce zan yi. Ke ce zan zama, Anti, kuma ba na jin tsoro.

Ƙanwarki,
Saffana

*

Assalamu alaikum Antina,

Ina gaisuwa, ina tambayar jiki da jikin yaronmu. Amsarki ta iso, na ɓoye ta a cikin littafin nan mai koren bango da kika ba ni. Kin ce kada in jawo wa kaina fushin Abba saboda ke. Ki yi haƙuri, wannan karon ba zan ji maganarki ba.

Muna gwaji duk Lahadi a saman wani gidan abinci a unguwar Liwan. Irin wasan gida ne, babu abin da aka rubuta. Moussa ya faɗa maka abin da zai faru, sauran maganar kuma ka nemo ta a cikinka. Idan ka yi daidai ya tafa hannu ya ce dakwar, dakwar, wato ya yi kyau da Faransancinsu. Yana da irin girar nan da ake ɓata shafi guda wajen bayyana ta, amma bar wannan zancen.

Babban wurin shi ne inda matar take kawo wa surukinta ruwa, shi kuma ya ture kofin ya kore ta. Anti, tunda babu rubutu, me kike tsammani ya fito daga bakin Abba? Maganganun da ya faɗa a kanki a falonmu, ɗaya bayan ɗaya, har da cewa kin shigo musu gida da mutuwa a cikin lefe. Alhaji Barmo, abokin cinikinsa, ya riƙe ciki yana dariya, yana cewa lawban, wato maigida da Sinanci, ai kai asararre ne a sana'ar jaka, fim ya kamata ka shiga. Ni kuwa na daskare da kofin roba a hannu, har Moussa ya zaci na manta abin yi ne.

A jirgin ƙasa muna komawa Abba bai dube ni ba. Da muka iso tasharmu ma sai da na taɓa shi kafin ya lura. Mutumin da ya gamsu da maganarsa ba ya manta tashar gidansa. Na san abin da zan yi ranar wasan, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Taki har kullum,
Saffana

*

Assalamu alaikum Anti Mas'uda,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata ke da Abba ƙarami kun ci nama lafiya. Zauna ki karanta wannan.

Ɗakin ya cika, 'yan Kano, 'yan Yamai, har da masu gidan abincin suna leƙe ta ƙofa. Da lokacin ruwa ya yi, ban ɗauki kofin robar ba. Na fito da kofin Yaya daga hijabina, na cika shi, na durƙusa, na juya jan ɗigon ta wajen Abba. Abin da na ce kawai shi ne: Baba ga ruwa, na wanke kofin.

Ya ɗaga hannu zai ture, sai ya gani. Hannun ya tsaya a sama. Moussa yana bayan labule yana raɗa, ture Alhaji, ture mana! Alhaji Barmo ya ɗaga murya daga kujera wai ai ba haka aka yi a gwaji ba, mutane suka fashe da dariya. Ni dai ban sauke hannuna ba, kuma karon farko a rayuwata na dubi Abba ido cikin ido.

Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya shanye tas. Sannan ya juya ga jama'a da wannan muryar tasa ya ce kofin ɗansa Ghali ne, kuma ba taifot ne ya kashe shi ba. Wasan da ya rage kashi biyu a nan ya ƙare, don uban da ya sha ruwan ba shi da sauran wanda zai kora. Moussa ya fito yana in'ina ya yi bayaninsa cewa cutar ba ta bin kofi ko kwano, amma ina jin an riga an gane.

Ba zan yi miki ƙarya irin ta littafi ba. Bai rungume ni ba, bai ce a nemo masa gafararki ba, kwana biyu ma bai yi min magana ba. Wasu sun rage zuwa gidanmu. Amma kofin yanzu yana cikin kwando tare da sauran, Umma da kanta ta sa shi.

Jiya Abba ya dawo daga kasuwar jakunkuna ta Shiling da 'yar jakar goyo shuɗiya, wadda Hajiya Fasuma za ta ba ki tare da wannan takarda. Ya ajiye ta a gabana yana kallon bango, ya ce tunda ya ga na iya aika saƙo a ɓoye, in gaishe da uwar yaron, in tambaye ta takwaran nasa takalmi lamba nawa yake sawa.

Don Allah kada ki faɗi lamba, lambar nan da ta gida ba ɗaya ba ce. Ki auna ƙafarsa da zare ki ba Hajiya. Ina so in sa zaren a tafin hannun Abba da kaina.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Saffana Abdulƙadir