Na'urata ta ƙaryata takardar angon ƙanwata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, ku kuma don girman Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni masanin binciken jini ne a Dutsin-Ma. Yayana sikila ce ta kashe shi muna yara, ihunsa har yau yana kunnena, shi ya sa na shekara bakwai ina haɗa wata 'yar na'urar gwajin jinotayif mai araha, a ɗiga jini a ga sakamako nan take. Na ajiye aikin koyarwar da nake yi, ni da wani abokina muka buɗe ɗan kamfani, yanzu izinin hukuma kawai muke jira mu fara sayarwa.

Watan jiya muka je Karofi gwada ta a kan masu sa kai. Kowa sai da na sa masa hannu cewa sakamakonsa sirri ne. Sai ga wanda zai auri ƙanwata ya zo, wai don ya kyauta min a matsayina na yayan amarya, ni da hannuna na ɗebi jininsa. Jama'a, AS ya fito! Na sake, AS. Ƙanwata kuwa AS ce, shi kuma takardar da ya kai wa Baba lokacin sa rana AA aka rubuta. Idan duka biyun AS ne 'ya'yansu na iya zuwa da sikila.

Na ja shi gefe na ce mu je babban asibiti a sake gwaji, ya ce wato zarginsa nake da takardar bogi, shi da ya zo taimakona, tun ranar ko wayata ba ya ɗauka. Na lallaɓa Inna na ce a sake wa duka biyun, ban faɗi dalili ba, ta ce wai bokona ya fara taɓa min kai, an riga an raba goro, in bar mata 'ya ta yi aurenta. Abokin aikina kuma ya rantse muddin na buɗe baki na fallasa sirrin mai sa kai, izinin nan ya tafi, kuma ba mai sake ba mu jininsa a ƙasar nan. Gaskiyarsa ce, shi ne abin da ya fi ci min rai.

Saura sati uku biki. Jiya ƙanwata ta kawo min yadin anko tana ta murna, na kasa haɗa ido da ita. Wallahi yau bayan sallar azahar na ji kaina ina roƙon Allah Ya sa na'urar ce ta yi kuskure, ni da na ba ta shekara bakwai na rayuwata.

In faɗa wa Baba in ci amanar da na sa wa hannu, ko in yi shiru in ɗinka ankon? Ya zan yi?