Shamuwar Tsamiyarmu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya zaman Fatakwal, ya maigidan da su Ummi? Mu nan Gwaram lafiya lau.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba: na hau rumbun Baba!

Shamuwa ce ta dawo tsamiyarmu, inda kike karanta mini littattafan soyayya muna ɓuya. Na san kafin ki zo ta tafi, shi ne na ɗauke ta da tsohuwar wayarki. Daga ƙasa sai ta fito kamar ɗigon tawada, da na ƙara girman hoton kuwa ya dagule. Mai wankin hoto a Birnin Kudu ya ce da kyamarar mai megafiksel da yawa ce, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, da an yanko tsuntsuwar ta fito tas. "Tunda babu, 'yata, matsa kusa, kuma ki jira hasken safe."

Shi ne na hau rumbun da safe na ɗauka, har ƙwayar idonta ta fito. Ga hoton nan a ciki.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da kowa. Kwana uku kunya ta hana ni aikowa. Gobe Kawu Sale zai taho, zan miƙa masa.

Ƙanwarki,
Bilkisu