Kekenmu Mai Sirdi Biyu Yana Nan a Saman Bene

Zuwa ga maigidana, Malam, a Funtuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Sule da iyalinsa, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni a Jidda. Tunda ka daina karɓar wayata, na biyo ta shafin jaridar da na san yayanka yana karanta maka duk Juma'a. Ba da son raina na kawo maganar ɗaki bainar jama'a ba, kai ka toshe sauran hanyoyin.

An ce ka ce in riƙe aikina na asibiti, kada in baro Jidda saboda makaho, kuma za ka sawwaƙe mini in huta. Na ji. Amma kafin in ba ka amsa, sai ka saurari zancen keken nan, ko kana so ko ba ka so.

Tun kafin in san ka kake kan keke. A garin da kowa ke hanƙoron mota, kai daga unguwarmu Bani Malik har siton da kake aiki kusa da tashar jiragen ruwa a keke kake zuwa, ka dawo riga sharkaf da gumi kana fara'a. Da ciwon suga ya fara cin idonka ba ka gaya mini ba, ni da nake ma'aikaciyar jinya. Sai ranar da ka shigo da goshi a fashe na gane. Ka jingine keken a ƙarƙashin matakala, ba ka ƙara taɓa shi ba.

Abokan aikinka sun rufa mana asiri, Allah ya rufa nasu. Direban sito ya riƙa biyo maka da safe, kayan cikin siton kuwa hannunka ya san su. Kafilinka, Balaraben da ya tsaya maka ka shigo ƙasar, yana can ofishinsa, bai san komai ba. Mu dai mun san iƙamarka, takardar izinin zama, a hannunsa take, kuma ranar da ya sani zamanka a ƙasar ya ƙare.

Wata Juma'a direban nan ya kai ka kasuwar gwanjo, kuka dawo da wani dogon keke mai sirdi biyu da feda huɗu, wanda da ƙyar ya shiga ƙofa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ka bari na gama, sannan ka ce na baya ba ya buƙatar ido, ƙafa kawai ake nema a wurinsa. Na tambaye ka wa zai zauna a gaba, ka juyo da fuskarka inda muryata take. Na tuna maka cewa a Jidda muke, inda mace ko a lungu ba ta isa ta hau keke ba. Ka ce duniya ba Jidda kaɗai ba ce.

Najwa, 'yar Tunisiyar da muke aiki tare, ita ta ba mu hanya. Ta ce a garinsu mata na hawa, ba mai ɗaga kai ya kalle su. Ta zana mana daga Susa zuwa Mahadiyya, titi shimfiɗaɗɗe, teku a hagu, gonakin zaitun a dama. Ka sa na maimaita maka sunayen garuruwan har ka haddace. Ka ce ba sai ka ga tekun ba, za ka ji iskarsa a kuncinka na hagu.

Muka shiga shirin tafiya Tunisiya kamar masu aurar da 'ya. Kai ka tara faci da famfo da sifana, kana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ni na nemo filas ɗin da zai riƙe sanyin allurarka, na ɗinka wa rigarka aljihun dabino saboda faɗuwar suga. Rabon da in ji ka kana waƙa a banɗaki tun kafin ciwon, sai a watannin nan.

A saman bene muka koya, bayan la'asar, tsakanin tankunan ruwa da igiyar shanya, inda katanga ta kare mu daga idon maƙwabta. Rabona da keke tun ina yarinya a Zariya. Abayata ta shige cikin sarƙa, muka zube tare, gwiwarka ta goge. Kana zaune a ƙasa kana koya mini cewa na gaba ba ya shiru: zai juya ya faɗa, zai taka birki ya faɗa, ya ga rami ya faɗa. Ka ce yau dai surutuna ya yi rana.

Asibiti suka ba ni hutu. Saura kai, fasfonka yana wurin kafili, kuma sai da yardarsa za a buga maka bizar fita da dawowa. Na ce ka aika direba. Ka ce namiji ba ya neman alfarma da bakin wani. Wannan taurin kan naka, Malam, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da bakinka ka ba ni labarin abin da ya faru. Ka shiga daidai, ka gaisa daidai, ka sami kujera ba tare da lalube ba. Mutumin ya ji daɗin ganinka, har ya zuba maka gahawa da kansa, ya miƙo finjali bai ce komai ba, yadda suke yi. Kai kuwa kana ta bayanin hutu, hannunsa yana tsaye a gaban fuskarka. Ba ka san an miƙo ba sai da ka ji ƙarar finjalin ya koma kan faranti. Bai yi maka faɗa ba. Cewa ya yi halas, wato shi ke nan, Allah ya ba ka lafiya.

Bizar ta fito, ta fita ba dawowa.

Ba ofishin da ban shiga ba don a mayar da iƙamarka ƙarƙashina, aka ce irin kwantiragina bai ba da wannan dama ba. A filin jirgi wani ma'aikaci ya karɓi hannunka daga nawa, ya wuce da kai inda ba a bari in shiga. Ka yi ta juyowa, amma ba wajen da nake tsaye kake juyowa ba. Na yi kuka a ranar har na rasa inda na aje jakata.

Keken yana nan a sama. Danshin teku ya fara cin sarƙar, tayoyin sun sace. Mai gidan haya ya ce in sauke shi, na ce masa to, ban sauke ba.

Yaya Sule ya ce daga zaure sai masallaci, ba ka zuwa ko'ina, ba ka son a ambaci Jidda. Na san abin da ke cin ka, gani kake ka zame mini kaya. Wa ya kai maka ƙara? Yaushe na ce na gaji? Kai ka yanke hukunci kai kaɗai a zaure, ka kira shi tausayi. Ni ba tausayi na gani a ciki ba, wulaƙanci na gani, kuma ya yi mini ciwo fiye da ranar filin jirgi.

Ga amsata. Na ajiye aiki. Sun ce ba za su sake ni ba sai wadda za ta maye gurbina ta iso, wataƙila bayan aikin Hajji, wataƙila ya wuce haka. Nawa fasfon ma a durowarsu yake. Don haka ba ni da ikon zuwa yau, ba ni da ikon rufe maka baki daga nan. Na san kalma ɗaya ce, in ka furta ta faɗa, ko ina kusa ko ina nesa. Kullum wayata ta yi ƙara na ga lambar gida, sai na zauna kafin in ɗauka.

Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah. Kada ka sa a rubuta komai, kada ka furta komai a gaban kowa, sai na zo. In har za ka rabu da ni, ka bari in zauna a gabanka, ka riƙe hannuna, ka faɗa ina ji.

Allah ya sassauta maka ciwo, ya sanyaya zuciyarka, ya riƙe harshenka har in iso. Allah ya saka wa masu ja maka hannu zuwa masallaci da alheri. Amin.

Matarka a ranar da nake wannan rubutu, ban san ranar da za a karanta maka ba,

Binta
Bani Malik, Jidda