Sauran Jininka da Ba a Binne Ba

Tabotaki, bayan yankan hatsi.

Zuwa ga yayana Illa,

Assalamu alaikum, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Ko kana raye ma sai ka nemi mai karanta maka, kana ji kana dariyar rubutuna da kake cewa tonon kaza ne. To ka daure ka saurara, don ba ni da wanda zan tambaya.

Sai bayan sadakar arba'in na iso gida. Gero ya yi kyau a gonar tudu, dawar kwari kuwa tsuntsaye sun raba mu da ita. Matarka Rabi tana takaba. Inna ba ta kuka gaban mutane, tana ta haƙuri, har sai da na ɓata mata haƙurin da bakina.

Ka tuna zuwana na bara, da na kai ka likitar Madawa aka ɗebi jininka, na sa kwalaben cikin tarmus da ƙanƙara na tafi da su Faransa? Malamina ya ce amosanin jininka ba irin wanda aka saba gani ba ne, akwai abin da ya karkace cikin furotin ɗin da ke sa jini ja. In ana son ganin karkatar, sai an sa furotin ya daskare ya zama ƙwaya mai kusurwa kamar ta gishiri, wadda muke kira kiristal, sannan a haska ta da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji. Ka ce wai duk gishirin da Buzaye ke kawowa bai ishe ni ba, sai na haƙa na jikinka.

Yaya, gishirin ya ƙi. Na farko ya fito sirara kamar allurai, ba su kamuwa. Na canja haɗin ruwan, ya koma dusa a gindin kwalba. Da na rage zafin ɗaki, ƙwayoyi suka fito jajaye masu kyau har na yi sujada, ashe tagwaye ne manne da juna, hoton ya fito ɗigo kan ɗigo, ba mai iya karantawa. Ɗaya ta fito ita kaɗai, ina tura ta cikin siririn bututun gilas iska ta taɓa ta, ta tsage. Wata ta kai gaban haske, ta ba ni hoto guda mai tsabta, kafin na biyu hasken ya kashe ta. Me ya rage ban gwada ba? Kai da kanka ba ka taɓa wahalar da ni haka ba. Abin da ya saura na jininka a firigo, injin sanyinmu, bai cika cokalin shayi ba.

Na gaya wa Inna wannan don in sanyaya mata rai, ta san wani abu naka yana nan ana aiki da shi. Sai ta aje ƙwaryar da ke hannunta. Ta ce ita ta sa aka binne mabiyiyarka bayan ɗaki, gashin askin sunanka ma rami ta yi masa, ko farcenka ba ta taɓa bari a yasar ba. Ta yaya za a ce an yi maka sutura alhali jininka na kwance a hannun baƙi, cikin sanyi, kai da sanyi ke kayarwa? Ta ce in na koma in ɗauko shi yadda yake, kar in ƙara taɓa ko ɗigo, in ba haka ba ba za ta yafe mini nononta ba.

Ana wata ga wata. 'Yarka Tsahara ta fara irin ciwonka. Hannuwanta da ƙafafunta sun kumbura, idonta ya yi rawaya, kukanta irin naka ne sak. Malamina ya taɓa cewa in an samu mai ciwon a dangi sai a ɗebo sabo. Na ja fatar idonta ƙasa na duba, fari fat. Me zan ɗiba a jikin nan?

Ba zan yi maka ƙarya ba, ko hoton ya fito ba magani ba ne, bakin hanya ne kawai. Amma wata hanyar ban san ta ba. Kuma ban taɓa gaya maka ba, saboda kai na zaɓi wannan karatu. Na bar ka kana zaton gwamnati ce ta tura ni, don ina jin nauyin in ce ina sonka har haka. Yanzu gaba kura, baya sayaki. Kai ka miƙa hannu aka ɗiba, amma kana raye ka ba ni. Har yau nawa ne, ko ya koma na ƙasa?

Jiya Kawu Nomau ya kai ni kabarinka. A gefenka ya kewaye wani wuri da duwatsu, Inna ta sa shi, don a binne kwalbar a nan, kar wani ya riga ta. Kwalbar ba ta kai tsawon yatsana ba, amma Kawu bai taɓa ganin ta ba, sai ya auna da ido yadda hannunsa ya saba a haƙar kabari. Na tsaya ina kallo. Tsawon wurin daidai Tsahara.

Zan koma in buɗe kwalbar, Yaya. Gara Inna ta juya mini baya, da in naɗe hannu in jira in ga wa zai shiga wurin nan.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Sai mun zo.

Ƙanenka da bai san abin yi ba,
Salifu.