Sanƙon Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin can? Ya Alhaji da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Ƙofar Marusa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Dashen gashin nan da kika hana ni, na yi shi. Likita ya ce ban da hula sai wurin ya warke, kada dashen ya fita. Kin san babba ba ya yawo kai ba hula a garin nan, don haka kwana goma ke nan ko majalisa ban leƙa ba. Daga ni sai madubi.

Jiya na tambayi Inna ko gashin goshin ya yi kama da na halitta. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ya yi kyau, Sani. Sai dai tun da babanku ya rasu, a sanƙon nan nake ganinsa." Ta tashi ta fita.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Alhaji da yara. In kina da hoton Baba ba hula, don Allah ki turo wa Inna. Na duba namu kaf, duk da hula yake.

Ƙaninki,
Sani